Zanen faifai: yadda za a nuna wa gari inda kuɗinsa suka tafi



Kwanan baya mun halarci taron kwamitin famfo a wani gari da ba za mu kama sunansa ba. Samarin garin da ke Abijan da Legas da Aljeriya ne suka haɗa kuɗi suka aiko domin a gyara famfon da ya yi watanni a mace. An yi gyara, ruwa ya dawo, sai aka tara jama'a a ƙofar maigari don a ba da lissafi. Ma'aji ya miƙe da kayensa, ya yi ta karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya har kusan rabin awa. Da ya ƙare, wata dattijuwa daga wajen mata ta ce: "Ɗana, mun ji, Allah ya yi maka albarka. Amma a cikin kuɗin nan, mene ne ya ci mafi yawa?" Ma'aji ya sake buɗe kaye yana neman shafi. Kafin ya samu, an fara ƙus-ƙus a baya.

Mun duba takardun bawan Allahn nan daga bisani, ko dala ba ta ɓata ba. Amma mutane sun watse da zato a zuciya, shi kuma ya ce zai maida mabuɗin asusu, don ba zai yi aikin sa kai a kira shi ɓarawo ba. Lissafinsa daidai yake, sai dai kunne ba ya riƙe lamba ashirin a jere, ko kunnen wanda ya yi lakwal ne. Shi ya sa yau muka kawo muku wata dabara da ake koyarwa a makaranta, wadda ta fi amfani a dandalin gari: zanen faifai.

Mene ne zanen faifai?

Da'ira ce ake zanawa kamar faifai, a ce ita ce dukan abin da ake magana a kai, kuɗi ne ko hatsi ko mutane. Sai a yanka ta daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake yanka kabewa, kowane yanki gwargwadon rabon da ya ci. Abin da ya ci rabin kuɗi ya ɗauki rabin faifai. Abin da ya ci kaɗan ya samu ɗan siririn yanki. Faransawa suna kiran wannan zane da sunan wani cuku nasu mai kewaye, kamambar. Mu faifai muka sani, shi muka ɗauka.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya fara buga irin wannan zane cikin littafi a shekarar 1801, inda ya nuna yadda ƙasar daular Turkawa ta wancan zamani ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. A 1858 kuma, wata ma'aikaciyar jinya ƴar Ingila, Florence Nightingale, ta yi wani zane mai kewaye, ɗan'uwan wannan, ta nuna wa manyan ƙasarta cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun fi raunin fagen daga kashe sojojinsu. Lambobin suna nan cikin rahotanni, amma zanen ya sa wanda ba ya da lokacin karatu ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Abin da za a tanada

Takarda babba ko bayan kwali, kireyo, abin jan layi, da abin zana da'ira. Idan akwai ɗan lakwal a gidan, a ari kwampa da raportar ɗinsa, wato ɗan robar nan mai siffar rabin wata da ke ɗauke da lambobi daga 0 zuwa 180. Idan babu kwampa, murfin tukunya ko faifan kansa ya isa: a kifa shi kan takarda a bi bakinsa da kireyo. Don a gano tsakiya, a yanke da'irar da almakashi, a ninke ta biyu, a sake ninkewa biyu, a buɗe. Inda layukan ninkin suka haɗu, nan ne cibiya. A kula da wannan ƙwarai, domin idan cibiya ta kauce, duk yankunan sun yi ƙarya.

Lissafi kafin zane

Bari mu ɗauki misali, lambobin namu ne don koyo kawai. A ce ƴan biɗa sun aiko jika 600 don gyaran famfo, aka kashe su haka:

Kayan gyara, jika 300.
Ladan mai gyara, jika 120.
Siminti da yashi, jika 90.
Kuɗin mota, jika 60.
Abin da ya rage a asusu, jika 30.

Matakin farko shi ne a tara su duka a gani ko sun koma 600. Idan ba su koma ba, a ajiye kireyo a koma cikin kaye, akwai abin da aka manta. Kuma a lura, mun sa ragowar kuɗi a lissafi. Abin da bai fita ba shi ma yana da yankinsa a faifai.

Mataki na biyu, a san cewa kewayen da'ira an kasa shi gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. Wannan ƙidaya ta samo asali daga mutanen Babila na da, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suke lissafi da sittin-sittin. Daga gare su ne muka gaji minti 60 a cikin awa. Daɗin 360 shi ne tana rabuwa daidai da kowace lamba daga 1 zuwa 10, in ban da 7.

To ga ƙa'idar, guda ɗaya ce: a ɗauki kuɗin abu, a yi shi sau 360, a raba da jimilla. Ladan mai gyara jika 120 ne. 120 sau 360 ya ba da 43.200. A raba da 600, a samu 72. Ke nan yankin mai gyara digiri 72 ne. Na'urar lissafi da ke cikin salula tana yin wannan nan take. Idan aka bi sauran haka, kayan gyara za su samu digiri 180, siminti da yashi 54, kuɗin mota 36, ragowar asusu 18. A sake tarawa: 180 da 72 da 54 da 36 da 18, sun ba da 360 cif. Faifai ya cika, babu giɓi, babu rara.

Yadda ake yankawa

A ja layi daga cibiya zuwa sama, inda ƙarfe 12 take a fuskar agogo. Daga nan ake farawa, a bi hannun agogo, a fara da yanki mafi girma a gangaro zuwa ƙarami. A ɗora tsakiyar raportar kan cibiya, lambar 0 kan layin da aka ja. A ƙirga zuwa 180, a ɗiga alama, a ja layi daga cibiya zuwa baki ta kan alamar. Yankin kayan gyara ya fita, rabin faifai ke nan.

Nan ne da yawa suke kuskure. Kada a bar raportar inda take. A juya ta, lambar 0 ta hau sabon layin da aka ja, sa'an nan a ƙirga 72. A ja layi, a sake juyawa, a ƙirga 54, haka har a ƙare. Galibin raportar tana da jerin lambobi biyu, ɗaya na tafiya dama, ɗaya hagu. A bi jerin da ya fara da 0 a kan layin da aka tsaya. Yanki na ƙarshe ba a zana shi, shi ke fitar da kansa. Sai dai a auna shi: idan ya ba da 18 ko kusa da haka, aiki ya yi kyau. Idan ya ba da 30, an yi tuntuɓe a hanya, a goge a sake.

Daga nan sai rubutu. A sama a rubuta abin da faifan ke nunawa, da jimillar kuɗin, da ranar da aka yi lissafin. A kowane yanki a rubuta sunansa da kuɗinsa. Domin iyayenmu da ba su karanta boko, a ƙara ɗan hoto: mota a yankin kuɗin mota, buhu a yankin siminti, ko a rubuta da ajami. Wajen launi, kada a dogara da ja da kore kusa da juna, akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su. Ya fi kyau a yi wa wani yanki ɗige-ɗige, wani layi-layi, wani a bar shi fari. Ko an ɗauki hotonsa da salula maras ƙarfi, zai fito.

Idan babu raportar fa?

Ba a fasa ba. Ga hanyoyi uku.

Ta farko, agogo. Fuskar agogo faifai ce da aka riga aka kasa gida 60. A ninke takarda huɗu a samu wurin ƙarfe 12 da 3 da 6 da 9, a kasa kowane kwata gida uku, an samu awa 12, kowace tana da minti 5. A misalinmu, jika 600 a raba da 60, kowane minti ya zama jika 10. Kayan gyara minti 30, daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 6. Mai gyara minti 12, daga minti na 30 zuwa na 42. Siminti minti 9, zuwa na 51. Mota minti 6, zuwa na 57. Minti 3 na ƙarshe su ne ragowar asusu.

Ta biyu, igiya. Wannan ta fi dacewa da lambar da ba ta rabuwa da daɗi. A ce bankin cimaka na gari ya fara shekara da buhu 70 na gero: an sayar wa jama'a 35 da damina, an ba da bashin 20, akwai 10 a ɗaki, 5 kuma ƙwari da yoyon rufi sun ɓata su. A samo igiya, a auna ta da tsinken ashana, tsinke ɗaya buhu ɗaya. A ƙulla a tsinke na 35, a ƙulla a na 55, a na 65, a yanke a na 70. A haɗa bakin igiyar biyu, a shimfiɗa ta ƙasa ta yi kewaye sosai, a kafa tsinke a tsakiya, a ja layi daga tsakiya zuwa kowane ƙulli da kuma mahaɗin. Faifai ya fita ba tare da an yi sau ko rabawa ba. Mai son ya yi da raportar zai samu 180, da kusan 103, da kusan 51, da kusan 26. Idan lamba ta zo da ɓurɓushi, a kai ta ga cikakkiyar lamba mafi kusa, a tabbata dai jimilla ta koma 360.

Ta uku, mutane da kansu, kuma ita ce muka fi so a taron gari. A kira mutum 20 su yi da'ira a fili, su riƙe hannun juna don tazarar ta zama ɗaya. Jika 600 a raba wa mutum 20, kowa ya tsaya a madadin jika 30. Mutum 10 su ne kayan gyara, 4 mai gyara, 3 siminti, 2 mota, mutum ɗaya ragowar asusu. A kafa turke a tsakiya, a zuba layin toka daga turke zuwa tsakanin kowane rukuni da na kusa da shi. Dattijuwar nan da ta yi tambaya, da haka aka yi mata, da ba ta buƙaci kowa ya ba ta amsa ba.

Misali daga ƙasarmu

Ƴan lakwal da ke son gwaji, ga lambobi na gaskiya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kowace tana da sama da miliyan 3, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar. A faifai, kowace za ta ɗauki wajen digiri 70 zuwa 75, su uku a haɗe sun wuce rabi da nisa. Jihar Agadas ba ta kai rabin miliyan ba a lokacin, yankinta wajen digiri 10 ne kawai. Yanzu a zana faifai na biyu na faɗin ƙasa: Agadas ita kaɗai ta haura rabin faifan. A ajiye su biyun gefe da gefe, yaro zai gane inda fili yake da inda mutane suke, ba sai mushe ya yi dogon bayani ba.

Inda faifai ba ya aiki

Ba kowane lissafi ne ke shiga faifai ba, kuma wanda ya tilasta shi zai ruɗar da jama'a.

Faifai na abu ɗaya ne da aka raba. Farashin tiyar gero daga kaka zuwa bazara zuwa damina ba rabon abu ɗaya ba ne, hawa da sauka ne. Wannan sai a zana sanduna a jere, kowane wata da tsawon sandarsa.

Kada a haɗa ma'auni biyu. Buhu da jika ba su zama cikin faifai ɗaya. Ko a maida komai kuɗi, ko a zana faifai biyu.

Kada abu ya shiga gida biyu. Idan aka tambayi manoman gari wa ke shuka gero, wa ke shuka wake, Malam wane zai ɗaga hannu sau biyu, don a gona ɗaya yake haɗa su. Jimilla za ta fi yawan manoman, faifai ba zai rufu ba.

Kada yankuna su yi yawa. Idan sun wuce biyar ko shida, ido ya fara gajiya. A tara ƙananan a yanki ɗaya a kira shi "sauran ƙananan abubuwa", amma a jera su ɗaya-ɗaya a ƙasan takarda. Idan kuka ga yankin "saura" ya fi sauran yankuna ƙiba, to ku yi tambaya, domin nan ne ɓera ke samun rami.

Sannan faifai rabo yake nunawa, ba yawa ba. Rabin jika 10 da rabin jika 600 duk rabin faifai ne a ido. Shi ya sa muka ce a rubuta jimilla a sama da manyan lambobi. Haka kuma yanki biyu da suka kusa kai ɗaya, kamar digiri 54 da 60, ido ba ya raba su, sai an rubuta kuɗin a jikinsu.

Zane ba ya maye gurbin resi

Wannan ita ce maganar da muke so ta zauna. Maƙaryaci ma yana iya zana faifai mai kyau. Zane yana nuna abin da aka ce an kashe ne, resi da shaidu su ke nuna an kashe ɗin da gaske. Amfanin faifai shi ne yana nuna wa mutane inda za su sa ido. Wanda ya ga kayan gyara sun ci rabin kuɗi ya san resin da zai fara nema. Wanda ya ga yankin buhunan da suka ɓaci a bankin cimaka zai tambayi abin da ya hana a gyara rufin ɗaki tun kafin ruwa ya sauka. Tambaya irin wannan tana da amsa, ba kamar ƙus-ƙus ba.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi tun 1991, sun daɗe da gane cewa asusu yana zama lafiya idan ana buɗe shi a gaban kowa, a ƙirga a gaban kowa. Zanen faifai ƙari ne a kan wannan ɗabi'a, ga kwamitin famfo, da na iyayen yara a lakwal, da na bankin cimaka, har da maigida da ke son ya nuna wa iyalinsa yadda damman bana za su rabu tsakanin ci da iri da biyan bashi kafin a taɓa rumbu.

Ku kuma ƴan'uwanmu da ke Kwatano da Akara da Kano da Libiya, mun san kuɗin da kuke aikowa da gumi kuka same su. Idan za ku tambayi lissafi, ba sai an yi ta muryoyi masu zafi a WhatsApp ba. Ku ce a zana muku faifai, a rubuta jimilla da rana, a ɗauki hotonsa tare da resi a tura. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga wanda kuka ba amana.

Ma'ajin da muka ba ku labarinsa bai maida mabuɗi ba. Ɗiyarsa da ke koleji ce ta zana masa lissafin a bayan kwali, aka rataye a rumfar maigari, resi suna cikin leda a gefe ga mai son dubawa.

Wanda ya gwada a garinsu, ya aiko mana da hoton faifansa ko ya biyo ta gidan rediyo ya ba mu labari, mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.